Harbin Farko na Igiya Ne

Kai ne, Abdulilah. Kai ka lalata hannun ɗana, kada ka ce min bindiga ce, kada ka ce min ƙaddara. Bindiga ba ta da ƙafa, ba ita ta kai kanta warshar da yake aikin ƙarfe ba. Kai ka naɗo ta a tawul ka ajiye a gaban Hashimu, kai kuma ka dawo min da shi ranar Litinin bayan la'asar, ka jingina shi da ƙofata a unguwar Kudai, nan Makka, kamar buhun gawayi, ka tura ledar magani ciki da ƙafa, ka juya. Ko sallama ba ka yi ba.

Ni ce Hadijatu, in ka manta, tunda yanzu ka zama Abu Marwan mai gidan bene a unguwar Zahir. Kakanka da kakan marigayi mijina ɗaki ɗaya suka fito a Ƙaraye. Naka ya zo Makka da ƙafa tun zamanin raƙuma, ya samu takardar ƙasa. Mu muka zo a jirgi, muka makara. Bambancinmu ke nan, babu wani. Ni na yi wa matarka Jawahir wankan jego ranar da ta haifi Marwan, wanda za ka kai wa amarya yau.

Da safen nan na kwance tsumman hannun, sai da na kau da kai. Babban yatsan tun ranar ya tafi, wannan na riga na haƙura da shi. Amma tafin ya yi baƙi, ya kumbura kamar an hura, ga wani jan layi ya taso daga wuyan hannu yana hawa zuwa hammata. Jiya bai kai gwiwar hannu ba. Na kira Nasiha maƙwabciyata, wadda ta taɓa yin shara a asibiti, ta leƙa, ta toshe hanci da mayafi.

"Inna Hadijatu, wannan ya wuce ƙwayar magani," ta ce. "Wannan hannun so yake ya tafi da mai shi."

Hashimu na kwance yana rawar sanyi, a wannan zafin da ko kuliyoyin lungu sun shige ƙarƙashin motoci. Ya buɗe ido ya ce, "Inna, yau Alhamis?"

"Alhamis ce."

"Yau Marwan zai harba ke nan. Inna, tsinin bindigar ya karkata. Na gani da idona. Ki gaya musu."

Dubi ɗan da ka yi wa haka. Hannunsa na ruɓewa, shi ɗanka yake tunani.

Bari in faɗi yadda aka yi, don waɗanda za ka gaya wa naka labarin su ji nawa. Hashimu ba maƙerin bindiga ba ne. Aikinsa gyaran murhun gas da manyan tukwanen da ake dafa wa alhazai shinkafa a Arfa. Warshar da sunanka take, saboda shi ba shi da igama, ba shi da kowace takardar zama. A garin nan na haife shi, shekarunsa sun haura talatin, bai taɓa ganin Najeriya ba sai a waya. In ka ce masa zauna, zama yake yi.

Bindigar ta ubanka ce, musaddas, ƙaramar nan mai ciki mai juyawa. Ta daɗe a ƙasan akwati har bututunta ya ci tsatsa ya kumbura. Ka samo wani bututun a hannun wani mutum a hanyar Ɗa'if, ka ce a auren Marwan sai an ji ƙarar bindigar kakansa. Dangin amarya Larabawan ƙabila ne, masu harbi sama a biki, ba ka so su koma gida su ce sun ba takari 'yarsu, mutanen da ba su gaji komai ba sai tukunya.

Hashimu ya cire tsohon bututun da ƙyar. Sabon ya shiga, haƙoran murɗinsa suka kama, amma da ya ƙure sai ɗan tsinin saitin da ke kan bakinsa ya tsaya a karkace, bai kai tsakiya ba. Ammi yake kiranka, wato baffa. Ya ce maka, "Ammi, wannan bututun ba na wannan jikin ba ne. A kai wa masu aikin." Ka ce masu aikin takarda suke tambaya, ita kuwa ba ta da takarda, kamar shi. Har dariya ka yi, ka ji daɗin maganarka. Ka ɗauko guntun ƙarfen famfo ka zura a hannun sifana don ya ƙara tsawo, ku biyu kuka danna da nauyinku. Tsinin ya miƙe. Wani abu kuma a cikin jikin bindigar ya ce ƙas.

Ya ce, "Ammi, ka ji?"

Ka ce, "Zama ya yi."

Da ya dawo gida ya ba ni labari. Ban yi makaranta ba, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma ni 'yar maƙera ce. Ubana ya ƙera wa maharba bindigogi har ya tsufa, kuma da yatsunsa goma aka binne shi. Ka san dalili? Duk bindigar da ya taɓa, sabuwa ko gyara, ba ya barin ɗan adam ya fara riƙe ta. Ɗaure ta yake yi a gindin tsamiya, ya ƙulla doguwar igiya a kunamar, ya kora mu bayan katanga, sannan ya ja. Ko sarkin baka ne ya zo yana gaggawa, sai ya jira. Yakan ce harbin farko na igiya ne. Kakanka ma ya san wannan, Abdulilah, ku maƙera ne, ko ka so ko ka ƙi. Na hau sama na kwance igiyar shanyata na ba Hashimu, na ce ya sa a aljihu.

Ranar Litinin ka ɗauke shi gwaji. Ka ce ba a harbi a cikin Harami, zunubi ne. Ka ga tsoron Allah! Kuka yi tafiya har kuka wuce alamomin iyaka, kuka wuce Arfa, kuka shiga wani kwari, da Marwan da abokansa kowa da waya a hannu zai ɗauki hoto. Hashimu ya fito da igiya yana neman inda zai ɗaura, ya nufi wata bishiyar ƙaya. Ka ce, "Kai, shanya za ka yi mana?" Samarin suka fashe da dariya. Ka ce, "Mai girki shi ke fara ɗanɗana miya. Riƙe ka harba, ya rajul, ai kai namiji ne."

Bai taɓa riƙe bindiga ba. Ya kama ta kamar yadda ya ga maharba na yi a hoto, hannun hagu a gaba, ya rungume daidai inda bututun ya haɗu da jikin. Wutar ta gefe ta fito.

Igiyar da kuka yi wa dariya, da ita kuka ɗaure masa dantse don jini ya tsaya.

Ka ce riƙo ne bai iya ba, bindiga lafiyarta ƙalau. To, bai iya ba, wa ya koya masa? Amma kafin ya suma ya ga abin da kai ba ka so ka gani. Tsinin da kuka miƙar ya wuce tsakiya, ya karkata ɗaya gefen. Bututun da ya zauna ba ya motsi. In ya motsa, abin da ke riƙe da shi ya tsage.

To, yau na bar Nasiha a kansa, na cusa igiyar a jaka da busasshen jininta, na kira Maman. Maman ɗan Maraɗi ne, yana ɗaukar fasinja a ɓoye da wata tsohuwar mota, shi ma ba shi da takarda ko ta ƙunsa ƙosai.

"Hajiya, Zahir da tsakar rana? Biki za ki, ba ki yi kwalliya ba?"

"Tuƙa, Maman."

"To, in an ba ki nama a tuna da direba."

Ya kalli fuskata a madubi, ya mayar da idonsa kan hanya. Muka bi ta bayan tashar motocin alhazai, manyan motoci jere babu kowa ciki, rana na dukan gilasansu. A bakin ramin da hanya ta ratsa cikin dutse akwai motar shurɗa, 'yan sandan ƙasar, a tsaye. Maman ya rage gudu, ya miƙe zaune, leɓensa na motsi. Askar ɗin na duba wayarsa, bai ɗago ba. Da muka shige cikin ramin na ji Maman ya saki numfashi. Haka muke rayuwa, mu da muka makara. Kai ba ka taɓa rage gudu don ganin mota ba.

Gidanka na ƙamshin turaren wuta tun daga titi. Ana ta fito da tire-tiren zaƙi ana lodawa a mota. Na hau wajen mata, na tarar da Jawahir zaune gaban madubi, wata na naɗe mata gashi, hannayenta a miƙe lalle na bushewa. Hala suke ce min a gidanka, wato inna.

"Ahlan, Hala Hadijatu! Allah ne ya kawo ki. Wallahi ina ta cewa a kira ki gobe, kofunan gahawa sun yi mana yawa. Ki zauna, a kawo miki sanyi."

"Ba wanke-wanke ya kawo ni ba. Kin san abin da ya samu Hashimu?"

"Abu Marwan ya ce ya ɗan ƙone a wurin aiki. Salamtu, Allah ya ba shi lafiya."

"Ya ɗan ƙone."

Na fito da igiyar na ajiye a kan teburin kwalliyarta, tsakanin kwalaban turare. Mai naɗin gashin ta ja da baya. Na faɗa mata komai, ban rage ba, ban sassauta ba. Na ce bindigar da ta ci hannun ɗana ita za a ba ɗanta yau, kuma a tsage take.

Ta kalle ni ta cikin madubi, fuskarta ta canza. Na ɗauka tsoro ne. Ashe fushi ne.

"A'uzu billahi! Ranar auren ɗana za ki shigo min da jini, ki yi masa baki? Me muka yi miki, Hala? Mun hana ki zakka? Mun hana ki kayan sallah?"

"Ba baki nake masa ba, 'yar nan. Ni na fara wanke yaron nan kafin ke ki iya ɗaga shi."

"To shi ne kike baƙin ciki naki bai yi aure ba. Bas, ya isa! Ɗauke min wannan ƙazantar."

Na ɗauke. A bakin matakala na ci karo da Marwan. Ya sa farar riga da alkyabba mai bakin zinare, mai hoto na biye da shi. A ƙugunsa ɗamara ce ta fata, bindigar a ciki, an goge ta tana sheƙi.

"Hala Hadijatu! Ina kwana!" Azahar ta wuce, amma ita ce gaisuwar Hausar da ya iya. Ya sunkuya ya sumbaci goshina. Yaron ba shi da mugunta, wauta ce kawai. "Kef Hashimu, ya jikinsa? Wallahi na ce wa Baba mu je mu duba shi, ya ce bayan biki."

"Nuna min ita."

Ya zaro ta da alfahari ya ɗora a tafinsa. Idona ya tsufa, amma na ga tsinin. A karkace yake, kamar wuyan kazar da aka murɗe. A ƙarƙashin bututun, inda ya shiga jikin, akwai wani layi siriri kamar gashi ya kwanta. An shafa mai a kansa.

"Ba ni ita, Marwan."

Ya yi dariya ya mayar ƙugu. "Hala, za ki harbe amaryata?"

A nan ka fito. Ka kama gwiwar hannuna kamar mai girmama tsohuwa, ka ja ni ƙasan matakala inda babu kowa, ka sassauta murya. Kullum in za ka yi mugunta muryarka laushi take yi, tun kana yaro.

"Hala, gobe. Wallahil azim gobe da safe zan kawo likita har ɗaki, wanda ba ya tambaya. Yau ɗaya kawai."

"Ranar Litinin ma gobe ka ce. Hannun ya yi baƙi, Abdulilah. Ja ya kai hammata."

"Kada ki kai shi asibiti. Ki saurare ni da kyau. Likita na ganin raunin zai kira shurɗa, dole ne a kansa. Wa ya kwance bindiga? Wa ya ɗaura? Shi. Ni ɗan ƙasa ne, tara zan biya in dawo gida in ci abincin dare. Shi gidan yari, in ya gama a sa shi a jirgi, tarhil, a sauke shi a ƙasar da bai san kowa ba. Ke ma za su tambaye ki takardarki. Ni ina kare ku ne."

"To cire ta daga ƙugun yaron."

"Lafiyarta ƙalau, na gaya miki."

"Ka ga tsagar?"

"Ƙarzuwa ce. Tsohon ƙarfe ne."

"Wa ya shafa mata mai?"



Na ce, "Tunda lafiyarta ƙalau, yau in an taru, kai ka fara harbawa. Kai ne mai girkin. Ka ɗanɗana, sannan ka miƙa wa ɗanka."

Na ga idonka ya sauka kan hannunka na dama, mai zoben azurfa. Ka dunƙule shi ka sa a aljihu. Ban manta da wannan ba, kuma ba zan manta ba. Ka ce, "Ango ke harbawa. Na riga na gaya wa surukai." Ashe ka sani. Kunyar surukai ce ta fi maka hannun ɗan wani, ta kuma fi maka na ɗanka. Kana dai fatan harbi ɗaya ko biyu za ta jure, a yi tafi, ka mayar da ita akwati.

Na wuce ka na koma wurin Marwan, na danƙa masa igiyar a hannu, a gaban mai hoto. Na ce, "In dole sai an harba, ku ɗaure ta a jikin wani abu, ku ja da wannan daga nesa." Ya riƙe ta da yatsa biyu yana kallonka. Ka karɓe ka jefa a kwandon shara, cikin bawon lemo. Ka ce wa wani ya raka Hala ƙofa, rana ta taɓa ta.

Da muka koma Kudai, tun daga lungu na ji muryar Nasiha tana kiran sunansa. Hashimu bai gane ni ba. Yana magana da ubansa da ya rasu, yana ce masa tukunyar ba ta zauna daidai a murhu ba. Jan layin ya shige ƙarƙashin riga. Na tsaya a kansa, na tuna duk abin da ka faɗa a ƙasan matakala, na san kuma a wannan ba ka yi ƙarya ba. Na ce wa Maman ya kama ƙafafunsa.

A mota ya ɗan farfaɗo, kansa a cinyata. Ya ce, "Ina za mu?"

"Asibiti."

Ya yi ƙoƙarin tashi. "Inna, a'a. To ki ce murhu ne. Ki ce murhun gas ne ya fashe. Don Allah, Inna, kada ki ce bindiga. Ban san kowa a can ba."

"Kwanta."

"Ki yi min alkawari."

Ban yi ba, ban kuma ƙi ba. Na dafa goshinsa.

Maman ya tsaya nesa da ƙofar asibitin, inda kyamara ba ta kaiwa. Ya ce, "Hajiya, ki yafe min, nan ne iyakata. Ina da 'ya'ya." Ban ga laifinsa ba. Na rataya hannun Hashimu mai lafiya a wuyana muka taka, ni tsohuwa da shi ƙato, kwalta na ƙona min ƙafa ta cikin silifa. Wani mai shara ne ya hango mu ya turo keken marasa lafiya.

Suka shige da shi. Likitan saurayi ne, gajiya a idonsa. Ya buɗe hannun, ya daɗe yana kallo, ya taɓa baƙaƙen ɗigon da suka shige fata. Ya tambayi igama, na ce babu. Bai yi mamaki ba. Ya fito da ni gefe, biro a hannunsa, ya yi min magana a hankali da Larabcin da zan gane.

"Ya hajja, me ya same shi? Yana ta cewa murhu. Murhu ne?"

Ya san ba murhu ba ne. Ya kalle ni, ya kalli takardar, ya jira. Na gane ƙofa ya buɗe min. In na ce murhu, murhu zai rubuta. Za a yi wa ɗana magani, ƙila a kama shi don takarda, ƙila Allah ya rufa asiri, amma ba za a kira shi mai gyaran makami ba. Kai kuma ka ci bikinka.

Na so in ce murhu. Wallahi bakina ya buɗe da ita. Na ce a raina, me ya dame ni da ɗan Jawahir? Ta kira ni mai baƙin ciki. Su harba, Allah ya raba. Sai na tuna ranar da na fara sa shi a ruwan wanka, ya damƙe min ɗan yatsa da wannan hannun na dama ya ƙi saki, har matan ɗakin suna dariya suna cewa maƙeri ne. Na tuna kuma abin da Hashimu ya fara faɗa da safe, lokacin da hankalinsa ke jikinsa. Bai ce in ɓoye ba. Cewa ya yi in gaya musu.

Na ce, "Bindiga ce."

Likitan ya rufe ido kaɗan, sannan ya rubuta.

Ba a daɗe ba askar ya zo, da takardunsa. Na ba shi sunanka da na ubanka, na kwatanta masa gidanka a Zahir har launin ƙofa. Na ce bindigar na ƙugun ango yanzu haka, a tsage take, yau za a harba ta cikin taro. Na ce ya yi sauri. Ya rubuta a hankali, yana tambayata yadda ake faɗin Ƙaraye. Sannan ya ce, "A ina ake bikin? Wace istiraha?"



Ban sani ba, Abdulilah. Wurin shaƙatawa ne a bayan gari, wannan kawai na ji ana faɗa. Irinsu sun fi a ƙirga, ta hanyar Jidda, ta hanyar Laith, ta kowace hanya. An raba kati, ba a kawo min ba. Ni ta gobe ce, ta kofunan gahawa.

Na ce masa, "Ba a gayyace ni ba."

Ya ce za su aika mota gidan. Na ce gidan yanzu babu kowa, tun azahar ake lodi. Ya ce za su kira wayarka. Ya kira a gabana, ta yi ta ƙara, ba ka ɗauka ba. Ka ga baƙuwar lamba, kana tsakiyar surukai.

Yanzu ga ni a kan benci a bakin ɗakin gaggawa. An ce in zauna kada in tashi, an ajiye wata mata mai kaki a gefena. Ta ba ni ruwa, ba ta da laifi. Sun wuce da Hashimu ɗakin tiyata, likitan ya ce za su yi ƙoƙari su tsaya a gwiwar hannu, in Allah ya so. Da suka tura gadon ta gabana idonsa biyu. Ya ga askar, ya kalle ni, ya juya fuskarsa bango. Ɗana bai taɓa juya min fuska ba sai yau.

An kira magariba. Na san yadda ake yi, na yi aiki a bukukuwanku har bayana ya ranƙwafa. Za a yi salla, a zuba gahawa, a jira dangin amarya su cika. Sannan a yi kiɗa, maza su yi layi, a turo ango tsakiya. Kai za ka tsaya kusa da shi ko nesa? Wannan nake so in sani.

Daga inda nake zaune ina ganin ƙofar da motocin asibiti ke tsayawa. Duk wadda ta zo da kuka sai na miƙe, matar nan ta ce in zauna. Biyu sun zo, ba ku ba ne. Ina roƙon Allah kada ta zama ku, ina roƙonsa da gaske, don yaron bai yi min komai ba.

Amma kai za ka zo. Ko da ƙafarka, ko askar ya kawo ka, ko ka biyo bayan gadon ɗanka da alkyabbarsa a hannu, ƙofar ɗaya ce, kuma ina bakinta. Ba na son tararka, ba na son likitanka na gobe. Ka zo ka tsaya a gabana da hannayenka biyu a waje, ba a aljihu ba. Ka gaya min da wane hannu Hashimu zai riƙe sifana a ƙasar da bai taɓa gani ba. Ka gaya min abin da igiyar shanyata ta rage maka da ka ƙi bari a ɗaura. Ka ji ƙas ɗin nan da kunnenka, Abdulilah, ka ce zama ya yi. Zo ka maimaita min.